Ayar da Ta Ɓace Daga Labarin Ɓataccen Ɗa

Kafin ka ci gaba da karatu, ya ɗan'uwa, ina roƙonka abu guda. Kada ka buɗe Littafi Mai Tsarki tukuna. Ka faɗa wa kanka labarin ɓataccen ɗa da ka, tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda za ka faɗa wa yara a ajin Lahadi. In ka gama, sai ka buɗe Luka sura 15, ka bi daga aya 11 zuwa 32 da yatsa, ka ga abin da ka bari a baya.

Ni an yi mini wannan gwaji, na kuwa faɗi warwas. Shekara kusan ashirin ke nan ina koyar da masu shirin baftisma. Na yi wa'azi a kan wannan misali ban san iyaka ba. Tun muna lakwal ta mishan aka sa mu haddace shi, wanda ya yi tuntuɓe ya sha bulala. Duk da haka, da aka ce in rufe littafi in ba da labarin da bakina, sai na ce yaro ya karɓi rabonsa, ya tafi wata ƙasa, ya lalatar da dukiya, ya koma kiwon aladu, ya tuba, ya komo, ubansa ya rungume shi. Na tsallake aya 14, inda Luka ya sanar da mu cewa bayan kuɗin yaron sun ƙare, yunwa ta auka wa ƙasar baki ɗaya. Na kuma tsallake ƙarshen aya 16, inda muka ji ba a sami mai miƙa masa ko loma ba. Ni mutumin Nijar, wanda uwarsa ta raine shi da anza a 1984, na ba da labarin da yunwa ke tsakiyarsa ban ambaci yunwa ba.

Wanda ya ɗana mana wannan tarko wani Fada ne, a wani taron horar da malaman katikisma a 2022. Bayan mun sha kunya, sai ya fito da wani ƙaramin littafi na Ingilishi, ya fassara mana babi guda baki da baki. Sunan littafin What Do They Hear?, watau “Me suke ji?”, an buga shi a Amurka a 2007. Marubucinsa, Mark Allan Powell, malamin Sabon Alkawari ne wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar horar da fastoci ta Lutheran a birnin Columbus, cikin jihar Ohio. A kan wannan babi nake so in yi magana, gama na sa an maimaita mini shi har sau uku ina rubutawa da Hausa, ya kuma hana ni barci fiye da yadda marubucin zai yi zato.

Ga abin da ya yi. Ya ɗauki ɗalibansa 12, ya sa kowa ya karanta misalin a natse, ya rufe littafi, ya faɗa wa abokinsa. Ko ɗaya bai ambaci yunwa ba. Abin ya ba shi mamaki, sai ya faɗaɗa gwajin zuwa mutum 100 a Amurka, maza da mata, farare da baƙaƙe, masu hali da marasa hali. Dukansu sun tuna yaron ya ɓarnatar da dukiya. Mutum 6 kaɗai suka tuna da yunwa. Daga baya ya je birnin St Petersburg a Rasha, ya yi wa mutum 50 gwaji iri ɗaya. A can 42 suka ambaci yunwa, 17 kaɗai suka ambaci ɓarnar dukiya. Ayoyi 22 ɗin nan dai, amma sai ka ce labari biyu dabam aka karanta wa mutanen.

Dalilin ba a ɓoye yake ba. A yaƙin duniya na biyu, sa'ad da ake kiran birnin Leningrad, sojojin Jamus sun kewaye shi tun daga Satumba 1941 har Janairu 1944, kwana kusan 900, abinci ba ya shiga sai ɗan abin da aka iya ƙetarowa da shi ta kan tafki. Fiye da mutum 600,000 yunwa ta kashe. Wanda ya tashi a gidan da kakarsa ta binne 'ya'yanta a wannan lokaci, in ya ji kalmar yunwa ba za ta bi ta bayan kunnensa ba. Wanda kuwa bai taɓa kwana da ciki wayam saboda babu ba, sai ya ɗauke ta kamar adon labari ce, da ita da babu ita duka ɗaya.

Powell ya kai maganar Tanzaniya kuma, wurin ɗaliban tauhidi. A can ya canja tambaya, ya ce su gaya masa abin da ya sa yaron ya ƙare da yunwa a garken aladu. Mafi yawansu suka ce domin ba wanda ya ba shi abinci. A ganinsu abin kunyar yana kan ƙasar da baƙo ya shiga, yunwa ta kama shi, aka zuba masa ido. Ba'amurke ya riƙe aya 13, Barashe ya riƙe aya 14, ɗan Tanzaniya ya riƙe aya 16, kuma babu wanda ya yi wa Luka ƙarya a cikinsu, gama duka ukun suna nan a rubuce.

Abin da na yaba wa babin shi ne bai zargi kowa da sakaci ba. Ɗaliban nan masu son Maganar Allah ne, sun karanta da kula, littafin kuma bai yi minti biyar da rufewa ba. Ashe tun kafin mutum ya buɗe shafi akwai rariya a kansa, abin da ya riga ya sani da abin da ya taɓa yi masa ciwo su ne ramukanta. Masana sun daɗe da lura da haka. A 1932, shekarar da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa na farko, wani masani a Kambirij ta Ingila mai suna Frederic Bartlett ya fitar da sakamakon wani gwaji da ya yi shekaru yana yi. Ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta mutanen asali na Amurka ta Arewa, mai fatalwa da yaƙi a bakin kogi, su karanta sau biyu, su rubuta ta da ka bayan minti 15, sa'an nan bayan makonni, bayan watanni, waɗansu har bayan shekaru. Kowane maimaici sai labarin ya gajarce, ya ƙara kama da labaran Ingila. Kwalekwale ya zama jirgin ruwa irin nasu. Farautar wata dabbar teku da ba su saba da ita ba ta zama kamun kifi. Abin da ba su gane ba suka zubar, ko su ƙaga masa dalili, suna kuwa ganin daidai suka faɗa.

Shi Bartlett ɗin ya kawo labarin waɗansu manyan ƙabilar Swazi ta kudancin Afirka da suka ziyarci Landan. Da suka koma gida, abin da ya fi zama musu a rai shi ne ɗan sanda a tsakiyar titi ya ɗaga hannu yana tsai da motoci, domin a wurinsu ɗaga hannu haka gaisuwa ce. Ya kuma kawo labarin wani makiyayi Baswazi da ya lissafa shanun da maigidansa ya saya shekara guda baya, da launinsu da kuɗinsu da wanda ya sayar, kusan ba kuskure. Wannan bai ba ni mamaki ba. Ka tambayi Bafillace garkensa.

In zan faɗi abin da na fahimta da harshenmu, da can ina ɗaukar tunawa kamar buɗe rumbu, ka ɗebo damin da ka ajiye yadda ka ajiye shi. Yanzu na ga ta fi kama da yaɓen ɗaki bayan damina. Ruwa ya ci katanga, ka kwaɓa sabuwar ƙasa ka cike gurbin, ka shafe da hannu. Bayan shekara biyu kai kanka ba ka iya nuna inda tsohon gini ya tsaya da inda sabo ya soma. Ƙasar da kake cikewa da ita kuwa daga bayan gidanka kake haƙo ta.

Da na koma ƙauyenmu sai na ce bari in gwada. Da yake da yawa ba su karatu, ni na karanta musu a fili bayan sujada, sau biyu, na ce wanda ya ga dama ya maimaita. Samarin da suka bi ta ajina suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya mayar mini da wa'azina, har da inda nakan ɗaga murya. Babu yunwa a ciki. Sai wata tsohuwa da ba ta taɓa magana a taro ba ta gyara zama ta ce, “Malam, ai abincin aladun nan anza ce.”

Na ce, “Inna, littafi bai ce anza ba.”

Ta ce, “Na sani, ɗana. Amma wanda ya kai ga sha'awar abincin dabba, na san irin cikin da yake ɗauke da shi.”

Masu karatu na birni watakila ba su san anza ba. 'Ya'yan wani ƙaramin itace ne na daji, masu ɗacin da ba a iya kai su baki sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sakewa. Ita ce abincin shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin bazara, tare da ganyen jiga da ƙarangiya da abin da aka tono daga gidan tururuwa. Tsohuwar nan ta ba da labarin daga yunwa ta fara, ta daɗe a garken aladu, ta daɗe a kan maraƙin da aka yanka, har ta tambaya ko an kai wa maƙwabta. Amma fa ta manta ƙaf cewa yaron ya ɓarnatar da wani abu, ta kuma manta da wansa da ke gona. Ita ma rariyarta ta zubar da nata rabon. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ce na wanke yaron misalin. Luka bai wanke shi ba, ɓarnar ta riga yunwar zuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne magidanta. Akwai wani dattijo da na san a 2005, bayan fara ta cinye gonaki a damanar 2004, ya sayar da awakinsa har da garmar shanunsa ya sayi tiya-tiya ta hatsi. Shi ma ya maimaita labarin, bai ambaci yunwa ba. A hanyar gida na ce masa, “Baba, kai ma ka manta da yunwar?” Ya dube ni kamar yadda ake duban yaro, ya ce, “Malam, a gaban surukaina?”

A nan ne na fara rabuwa da Powell. Gwajinsa yana ƙidaya abin da baki ya furta, ya ɗauki shiru a matsayin mantuwa. Watakila a Amurka haka ne. A wurinmu shiru iri biyu ne. Akwai na wanda abin bai taɓa shi ba, akwai na wanda abin ya taɓa shi har ya kai ga ƙashi. Magidanci Bahaushe ba ya cewa yunwa ta shiga gidansa, sai dai ya ce shekara ta yi wuya, ko ya ce ana nan ana haƙuri. Da baƙo zai zo da takarda ya ƙidaya mu a ranar, da ya rubuta cewa mazan ƙauyenmu ba su san yunwa ba kamar ɗaliban Ohio. Kunya ma tana tace labari, ba a ƙwaƙwalwa take aikinta ba, a bakin ƙofa take tsayawa.

Abin da mutum ba ya faɗa a kan gidansa kuwa yakan faɗe shi a kan shekara. Dubi sunayen da muke ba yunwa. Ta 1913 zuwa 1914 kakanninmu suka kira ta Kakalaba. Ta 1984 zuwa 1985 a nan wajenmu El Buhari ake ce mata. Buhari bai hana ruwan sama ba, kowa ya sani. Amma a Afrilu 1984 gwamnatinsa ta rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa, a daidai shekarar da mutanenmu suka fi bukatar hanyar kudu don sayen hatsi da ci-rani. Fari ne ya kashe gero, amma sunan da ya zauna a bakin mutane na wanda ya rufe ƙofa ne. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. In ka lura, wannan ita ce amsar 'yan Tanzaniya, aya 16 ce muka sa wa shekara suna da ita. Ashe muna da kunnen jin ayar nan sarai, a majami'a ne kawai muke toshe shi.

Wannan ya kai ni ga abu na biyu. Babin ya fi ba da ƙarfi ga inda mutum ya tashi da abin da ƙasarsa ta sha. To, ni fa? Na tashi a ƙasar anza, na tuna labarin kamar Ba'amurke. Samarin ajina ma haka, alhali 2005 da 2010 a gabansu aka yi. Dalili shi ne akwai sani iri biyu da ke riga mu zuwa gaban nassi, wanda ciki ya koya mana da wanda malam ya koya mana, na biyun kuwa yana iya danne na farko. Mun ji labarin nan daga bakin masu bisharar da suka zo daga ƙasashen ƙoshi, su suka koya wa malamanmu, malamanmu suka koya mana. Ba raina su nake yi ba, Allah ya sani, a hannunsu na koyi baƙi da wasali, a hannunsu kuma muka karɓi garin masara da madara a shekarar El Buhari. Amma sun ba mu misalin ne tare da rariyarsu, muka karɓa duka biyu muna tsammani abu guda ne. Hadda ba ta cece mu ba. Har gobe ina iya karanto aya 14 da ka ba tuntuɓe, kamar yadda aka cusa mini ita da bulala. Tana nan a harshe, amma da aka ce in ba da labarin da maganata, zuciya ba ta aiko da ita ba.

Ko kan maganar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a bisa aya 11 yana da nasa hannu. Luka bai sa wa misalin suna ba. Ba shi ya raba surori ba, a ƙarni na 13 aka yi wannan, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma sai a 1551 wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su. Kanun magana aikin masu buga littafi ne. A Faransanci da Ingilishi an saba kiran misalin da sunan ɗa almubazzari, watau tun kafin ka karanta kalma guda an riga an gaya maka abin da za ka riƙe. Da an saba kiransa misalin shekarar yunwa, ko misalin uba mai gudu, da wani abu dabam muka riƙe.

Ga kuma wanda ya fi muni. Ka saurari wa'azi goma a kan wannan misali, za ka ji mai wa'azi ya kai yaron gidan giya da gidan karuwai, ya zauna can da shi kwata guda yana kwatanta kiɗa da turare, jama'a na girgiza kai. Ni ma na yi. Yanzu koma ga nassi. A aya 13 mai ba da labari ya ce yaron ya watsar da dukiyar a zaman banza, bai ambaci mace ba, bai ambaci giya ba. Maganar karuwai sai a aya 30 ta fito, daga bakin wa? Daga bakin wan, wanda yake cikin fushi, wanda bai taka ƙasar ba, wanda ko cikin gida bai shiga ya ga ƙanen nasa ba. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, mai yiwuwa zato ne. Mu dai mun ɗauko zargin mai fushi daga ƙarshen labari, mun kai shi farko, mun sa shi a bakin Luka. Muna wa'azi muna tsawata wa babban ɗa, alhali da idonsa muke kallon ƙaramin.

Da a kan takarda abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. A 2010, bayan damanar 2009 ta gaza, wani saurayi daga cikin waɗanda na shirya wa baftisma ya matsa wa ubansa aka jinginar da gona guda, ya karɓi kuɗin ya nufi Libiya ta Agadas. Na hana shi, har sau biyu na je gidansu, bai ji ba. Watanni yana aiko da ɗan abin da ya samu. A Fabrairu 2011 yaƙi ya ɓarke a can, aka shiga farautar baƙaƙen fata 'yan ci-rani ana cewa sojojin hayar Gaddafi ne, dubban 'yan Nijar suka gudo a bisa manyan motoci ta Dirku. Ya iso gida daga shi sai rigar jikinsa, gonar kuma ba ta fansu ba. Bayan mako guda ya zo ɗakina da dare, muka daɗe. Ya yi kuka. Da ya tafi na rubuta abin da ya faɗa a kundina, kamar yadda na saba.

A 2014 dattawa suna neman wanda za a damƙa wa mabuɗin rumbun ikkilisiya, inda muke tara hatsi da kaka mu ba da rance da bazara. Sunansa ya fito, gama yana da lissafi. Aka juyo gare ni aka ce, “Malam, kai ka san shi.” Na ce shi da bakinsa ya gaya mini giya ce ta cinye kuɗin gonar a Sabha. Ba ƙarya na yi niyya ba. Ina ganin abin a idona sa'ad da nake faɗa, fitila a ƙasa, shi a bakin tabarma ya sunkuyar da kai, har muryarsa ina ji. Aka ba wani mabuɗin. Maganar ta fita daga taron dattawa kamar yadda magana takan fita, ta isa gidan yarinyar da yake nema, aka mayar masa da kayansa. Kafin damina ya tafi kudu, bai sake zama a ƙauye ba.

Bayan taron 2022 na tono kundin daga ƙasan akwati. Ga abin da hannuna ya rubuta a daren. Mai aikin da ya yi wa gini ya riƙe masa ladan wata huɗu. Abin da ya tara, masu bindiga suka karɓe a wani shinge har da wayarsa. Ya yi kwana uku a bisa mota ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwa. Giya sau ɗaya ta fito a shafin: ya ce waɗansu da suke ɗaki ɗaya suna sha a ɓoye, shi kuwa kullum cikin tsoro yake kada a kama su duka, gama haramun ce a dokar ƙasar. A ƙarshe ya ce ya ci amanar babansa. Fitilar gaskiya ce, sunkuyar da kan gaskiya ne, kukan ma haka. Sauran ni na yaɓa. Ina da labari a shirye tun ina lakwal, na yaron da ya karɓi rabonsa ya tafi ya komo hannu wofi, na san kuma abin da irin wannan yaro yake yi da kuɗi. Ina kuma jin haushinsa, domin na hana shi bai hanu ba. Cikin shekara uku kalmar giya ta tashi daga bakin abokan ɗakinsa ta koma nasa, ban ji motsinta ba.

Da na kai wa Fadan nan wannan magana, sai ya ba ni labarin wani gwaji. Ran 28 ga Janairu 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 7 suka mutu. Kashegari wani masani, Ulric Neisser, ya sa ɗalibai 106 a wata jami'a ta birnin Atlanta suka rubuta inda suke da abin da suke yi sa'ad da suka ji labarin. Bayan shekara biyu da rabi aka sake tambayar 44 daga cikinsu. Mutum 11 ba su dace da takardarsu ko a abu guda ba, da yawa kuma suna da cikakken tabbaci. Da aka nuna musu rubutun hannunsu, waɗansu suka ce hannun nasu ne, amma su dai ba haka suke tunawa ba. Watau abin da ya girgiza zuciya yakan bar hoto mai haske ƙwarai, hasken ne yake sa mu rantse, amma haske ba ya tabbatar da cewa abin da ke cikin hoton haka ya faru. Ban ji sanyi da wannan labari ba. Ɗaliban Atlanta ba su hana kowa aure ba.

Ran 30 ga Maris 2025, Lahadi ta huɗu ta azumi, misalin ya sake zagayowa cikin karatun ranar. Fada bai zo ƙauyenmu ba, ni na jagoranci sujada. Na karanta a hankali, na dakata a aya 14, na dakata a 16, na nuna wa jama'a bakin da aya 30 ta fito. Bayan an tashi na roƙi dattawan da suka rage daga taron 2014 su tsaya. Na buɗe kundin na karanta musu shafin, na ce shaidar da na bayar ba daidai ba ce, ina so a faɗa a gaban ikkilisiya.

Biyu daga cikinsu suka ce ai su ma sun ji yaron ya faɗi maganar giya da kunnensu. Ba su cikin ɗakin a daren, daga ni sai shi. Ɗayan har ya tuna rigar da yaron ya sa. Da na matsa, ya ce, “Malam, takarda ce za ta fi mu sanin abin da muka ji?” Dattijon nan mai garmar shanu ne kaɗai ya ce a bar ni in faɗa. Na faɗa a Lahadi ta gaba. Uban yaron bai ji ba, ya rasu tun 2019.

Na sami lambar saurayin ta hannun ƙanwarsa, yanzu magidanci ne, yana gadi a wani birni a Nijeriya. Na gaya masa kome, tun daga taron dattawa har zuwa kundin. Ya yi shiru har na zaci waya ta yanke. Sa'an nan ya ce, “Malam, ya wuce.” Bai ce ya yafe ba, ban kuwa tambaya ba. Abin da ya tambaye ni shi ne ko wanda gonar ke hannunsa zai yarda a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan. Na je na same shi da maganar, na ce jika ashirin na farko daga wurina za su fito. Ya ce in dawo bayan kaka.